Shekarar da Na Yi Faɗa da Gara

Ku 'ya'yan Isuhu, wannan babin ku karanta shi a natse, domin shi ne labarin da bakin mutane ya fi lalatawa. In kun girma za ku ji ana cewa kakarku Hajo ce ta fara gonar mata a Zangon Kalgo, kuma wata Tasalla ce ta kusa kashe gonar da wautarta. Maganar farko akwai gaskiya a ciki. Ta biyun ƙarya ce tsagwaronta, ni kuwa na fi kowa sani, don wautar tawa ce. Tasalla ta riga mu gidan gaskiya, ba ta da bakin kare kanta, shi ya sa nake so in rubuta tun idona yana ganin layi.

A lokacin muna cikin shekara ta biyu da ƙetaro iyaka. 'Yan bindiga ne suka tashe mu daga garinmu na ƙasar Sakkwato, muka shigo ta wajen Birnin Konni da abin da kai zai iya ɗauka, aka rubuta sunayenmu, aka kawo mu nan kusa da Badagishiri aka kafa mana tantuna. Kakanku Malam Bawa ya rasu tun kafin tashin, Allah ya rufa masa asiri bai ga wannan ba. 'Ya'yana maza biyu ne. Babban, Sani, an ɗauke shi a gona yana tsakar noma, har yau ko takalminsa ban gani ba. Saura ubanku Isuhu. Mutanen nan sun karɓe mu da mutunci, ba zan ci amanarsu ba, amma zaman kati zama ne mai cin rai. Wata ya kama a shiga layi, a miƙa kati, a auna maka, ka koma ka zauna. Mu mata ko ba komai muna da daka da ɗibar ruwa. Mazan kuwa suka zama 'yan bin inuwa, tun safe suna gindin kalgo suna dara, inuwa ta matsa su matsa. A shekarar kuma awon ya ragu, kowa ya ji a tukunyarsa.

Wata rana da rani muna cin tuwo, Isuhu ya tsame hannu ya ce:

"Inna, in ruwa sunka sauka gida za ni. Hwadamar Baba tana can kwance, ni ina nan ina cin tuwon layi awa gurgu."

"Gidan da anka ɗauke wanka?" na ce.

"Wasu sun tahi bara, sun dawo."

"Su nawa sunka tahi, su nawa sunka dawo? Hwaɗa min in kana iyawa."

Uwarku Zali tana da cikin Bawa ƙarami a lokacin, ta sunkuyar da kai tana ta juya miyar da ba ta bukatar juyi. Na san ɗana. Ba shi da yawan magana, amma in ya furta abu to ya riga ya gama shawara da zuciyarsa. Kuma ba taurin kai ne kawai ba, manomi ne ɗan manomi, hannunsa ke masa ƙaiƙayi. Kuka ba zai tsayar da shi ba, haka ma zagi, gona ce kaɗai za ta iya. Na ce ya ba ni zuwa saukar ruwa, in ban nuna masa ƙasar da zai shuka a nan ba, ni da kaina zan ɗaure masa guzuri. Ya yi dariya ya ce ya yarda, don ya san kwamitin maza sun je wurin maigari har sau biyu an ce musu babu fili. Ni kuwa na faɗa ne kawai, ba ni da ko taku ɗaya na ƙasa.

Na bi tanti tanti na tara mata. Wadda ta fara ɗaura gyale ita ce Tasalla, maƙwabciyata tun daga gida, doguwar mace mai ƙarfi kamar namiji, marar hayaniya. Muka je ƙofar maigari muka durƙusa, na ce:

"Ranka shi daɗe, ba gonar kowa munka zo roƙo ba. Wurin da kowa bai so, shi za ka ba mu."

"Wurin da kowa bai so? Ai sai hwako," in ji shi. "Ga shi can bayan tantunanku. Ku ɗiba har inda ƙahwarku tag gaji, amma ko akuya ba ta tsayawa wurin."

Faƙon nan ku kun san shi kore, to a da jar ƙasa ce mai tauri kamar daɓen ɗaki. Ruwa in ya sauka a kansa gudu yake ya wuce, ko ciyawa ba ta fita. Mu da muka tashi a fadama, inda diddige ya isa ya binne iri, muka tsaya muna kallonsa kamar an ba mu dutse an ce mu tafasa. Muna nan tsaye sai ga wata tsohuwa 'yar gari ta biyo mu tana dogara sanda. Gwamma ke nan, mai sayar da gabu a bakin rijiya. Bakinta da kaifi kamar nawa, shi ya sa jininmu ya haɗu.

"Ke Basakkwata, mi za ki yi da hwako?"

"Abin da Allah yan nuna min," na ce.

"To Allah ya nuna miki ni. Gonata da kika gani bakin hanya, da hwako ta."

Ita ta koya mana tassa, noman mutanen ƙasar nan. Tun da rani ake haƙa 'yan ramuka, faɗin ƙwarya, zurfin taƙi ɗaya, tsakanin rami da rami taku guda. Ƙasar da aka fitar a tara ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki tafi biyu a cikin ramin, a bar shi yana jiran damina. Mutanen buro, wato ofishin masu kula da zango, suka ba mu diga da kalme. Taki kuma muka samu wurin Dudu, wata Bafillatana da rugarsu ke bayan tudu, a kan in an yi kaka shanunsu su ci karan. Aikin ba na wasa ba ne. Diga in ta bugi faƙo har cikin haƙori kake ji. Tafin hannu ya yi ruwa ya fashe ya yi kanta. Mukan fita da sassafe mu dawo kafin rana ta yi tsakiya, mu wuce ta gaban masu dara suna tambayarmu wace annoba ce ta faɗa wa kaji har muke haƙa musu makabarta. Ni ba na barin magana ta kwana, nakan ce su bari mu gama na kaji, na masu zaman banza na nan tafe. Isuhu ba ya cikin masu dariya, amma bai taɓa leƙawa ba.

Muka haƙa muka zuba taki, ramuka jere reras, gwanin sha'awa. Ana haka 'yar Gwamma ta haihu a Malbaza, ta tafi zaman jego. Kafin ta hau mota ta ce mana kada mu taɓa komai, mu jira ruwa. Ba ta ce mana komai game da gara ba, don ita a wurinta wannan ko yaro ya sani.

Bayan kamar mako uku na zaga gonar, na tona rami ɗaya don in ga lafiyar takin. Sai na ga gara tana tafasa a ciki. Na tona na biyu, haka. Na tona na goma, haka. Ku da aka haifa a nan ba za ku gane abin da na ji ba. A garinmu gara abokiyar gaba ce, ita ke cin rufin ɗaki, ita ke shiga hatsi, a zangon ma ta cinye mini tabarma da zane ɗaya tilo da na tsira da shi. Na ce wato mu sha wahala wata biyu don mu yi wa gara liyafa? Na kira mata na ce kowace ta kwaso tokar murhunta, mu kwashe takin da gara ta shiga mu ƙone, mu barbaɗa toka a ramukan. Duk suka ce haka ne, ban da mutum ɗaya.

"Hajo, mu jira Gwamma," in ji Tasalla. "Ta ce kam mu taɓa komi."

"Kahin ta dawo gara ta cinye har digarmu. Ke dai ɗauko kwando."

Ta ɗauko. Da yake ta fi kowa ƙarfi, ita ta riƙa bin tantuna tana tara toka, ita kowa ya gani da kwando a kai fari fat kamar aljana. Kwana uku muna wannan aiki, hayaƙin kashin shanu ya turnuƙe zango, ni ina gaba ina ba da umarni kamar wadda ta ci yaƙi. Mun gama da fiye da rabin ramukan ranar da Gwamma ta dawo. Ko gida ba ta shiga ba, hayaƙi ta hango ta taho. Ta tsaya ta dubi tulin toka, ta saki sanda ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni Gwamma! Wane mahaukaci yay yi wanga aiki? Kun kori ma'aikatanku!"

Ta sa aka kawo ruwa a buta. Ta je ramin da ba mu kai gare shi ba ta tsiyaya, ruwan ya shige kamar an haɗiye shi. Ta tona da hannu ta nuna mana 'yan hanyoyi birjik sun huda faƙon sun yi ƙasa. Sannan ta je wani rami da ke gefe, wanda takin bai kai gare shi ba balle gara, ta tsiyaya, ruwan ya tsaya yana kallonmu.

"Kun gani? Diga taƙi guda taka shiga. Sauran aikin na gara na. Takin ga da kunka zuba, kiranta kunka yi. Ita ka huda ƙasa, ita ka jan takin ciki, ruwa su bi hanyatta. Hatsi in ya hito ba ta taɓa shi, busasshe taka ci. Ku kun gayyaci mutum gayya, ya zo, kun bi shi da wuta."

Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Sai wata ta ce ai Tasalla ce mai toka, wata ta kama, nan da nan aka yi mata caa. Tasalla ta dube ni sau ɗaya, ta sauke kwandonta ta tafi. Ni kuwa, jikokina, mai bakin da ba ya barin magana ta kwana, na yi shiru. Kunya ce ta kama ni, da tsoron in matan suka watse shi ke nan Isuhu ya tafi. Wannan shirun shi ne abin da na fi jin takaicinsa a duk zamana na zangon nan.

Washegari a bakin rijiya na tarar da ita ita kaɗai a gefe, an ƙi ba ta layi. Ta ganni ta ce, "Hajo, kin tashi lahiya?" kamar kullum, har tana miƙa hannu za ta kama mini bido, jarkar ruwana. Wannan gaisuwar ta fi mari zafi. Na ajiye bidon na hau kan dakalin rijiya na ɗaga murya yadda har masu dara za su ji, na ce ni na ga gara, ni na ce a ƙone, Tasalla ta hana na ƙi ji. Wadda za ta zagi wani ta zage ni. Aka kuwa zage ni. Wata ta ce ta bi tsohuwar banza ta fasa hannunta a wofi. Mata da dama suka mayar da diga, wasunsu har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Da na koma tanti na tarar da Isuhu yana sa wa sungumi sabuwar ƙota.

Bazara ta riga ta shigo, hadari na haɗuwa yana watsewa. Na je wurin Dudu neman wani takin, na tarar da kufai, sun yi arewa da shanunsu. Na dawo na zauna dirshan a bakin gona. Tasalla ce ta zo ta tsaya a kaina ta ce:

"Tashi. Gobe kasuwar Badagishiri ta. Bisashen da aka kawowa, ina suka zuba kashinsu?"

Muka je mu da matan da suka rage, muka sami sarkin kasuwa muka ce za mu share masa wurin dabbobi kyauta in an watse. Ya dube mu ya ce bai taɓa ganin masu roƙon kashi ba, amma ga fili ga mai doki. Tun la'asar muka sunkuya da tsintsiya da faranti, dillalai na tsalle suna kauce wa ƙura, wasu na cewa 'yan gudun hijira yunwa ta taɓa musu kai. Muka cika buhuna, Gwamma ta ara mana amalanken jakinta, sauran muka ɗauka a ka muka jero a bakin kwalta. Kasuwa uku muka yi haka. Muka kwashe tokar rami bayan rami muka zuba sabon taki, sannan muka koma jiran wadda muka kora. Kullum da safe nakan je in tona. Ranar da na ga gara ta dawo sai na ji na rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa. Mazan suka taso a guje suna tambayar wa ta haihu.

Ruwan shuka ya sauka wata ranar Asabar da yamma, mai ƙarfi. Da gari ya waye Isuhu ya fito da jakarsa a kafaɗa da sungumi a hannu, ya riga ya yi magana da mai babur ɗin da zai kai shi Konni. Zali tana bakin tanti da tsohon ciki, ta toshe baki da gyale. Na ce:

"Alkawali munka yi. Taho ka ga ƙasar, in ba ta yi ma ba ga guzurinka can na ɗaure."

Ya biyo ni. Tsakanin ramuka faƙon har ya fara bushewa, ƙafa ba ta ko nutsewa. Na ce ya sa hannu a rami. Ya tsuguna da jakar a kafaɗa ya tura yatsu, suka shige. Ya ƙara turawa, hannu ya wuce wuyan hannu. Ya naɗe riga ya danna har kusa da gwiwar hannu, ya fito da ƙasa baƙa mai laima, ya murza, ya kai hanci ya shinshina. Ya je wani ramin can nesa ya sake. Ya daɗe a tsugune, ni ina tsaye a kansa.

"Ina irin?" ya ce.

Na kwance bakin zane na ba shi. Ya ajiye jakar a ƙasa ya ce zai taya mu shuka, ya ga tsiro tukuna, amma kada in ce ya fasa. Ban ce ba, na dai aika a sallami mai babur.

Hatsi ya fito, muka yi cira. Sai ruwa ya ɗauke kusan kwana ashirin. Gonakin jigawa suka yi yaushi, ganye ya nannaɗe, wasu suka fara maganar sake shuka. Namu kuwa yana tsaye kore shar a cikin ramukansa, in ka tona akwai sanyi. Mutanen gari ba su yi mamaki ba, sun san tassa. Mazan zangonmu ne suka bar dara suka riƙa zuwa bakin gona suna tsayawa da hannu a baya. Wanda ya fi kowa maganar makabartar kaji na kama shi yana auna faɗin rami da taƙinsa, na ce masa in nasa yake aunawa ya ƙara tsawo. Ruwa ya dawo, hatsi ya yi ciki, ya fitar da kai, zangarniya kamar damtse.

Ranar girbi maigari da kansa ya zo, ya zaga, ya ce faƙon da ke gaba ma mu ƙara. Muka fitar da zakka, muka kai wa Gwamma daminta tana zaginmu tana karɓa, Dudu ta dawo da shanunsu muka bar mata karan hatsin. Da aka zo zaɓen shugabar mata na ce a ba Tasalla, ta ce ita ba ta iya faɗa da mutanen buro ba, aikin mai baki ne. Aka ɗaga mini hannu har da wasu daga cikin waɗanda suka zage ni. Tun daga ranar ba a yanke shawarar fili ko rijiya ko rabo a zangon nan sai da mata a zaune. Mazan da suke son faƙo wurinmu suke zuwa, kuma doka ta farko da nake karanta wa kowa ita ce kada ya taɓa gara. Amma labarin toka ya ƙi barin Tasalla, domin kwandon mutane suka gani, ba su ji umarnin ba. Ku dai kun ji daga bakin mai laifin.

Da aka gama rabo, dammunanmu suka taru a gaban tanti har sun tare ƙofa. Zali ta riga ta sauka, tana zaune tana ba Bawa nono. Ni ban yarda na tambayi Isuhu maganar tafiya ba, tsoron amsar nake yi. Ya zaga tulin hatsin sau biyu, ya dubi tantin, ya dubi filin da ke bayansa, ya taka shi da ƙafa yana ƙirga taku. Sannan ya zo ya tsuguna a gabana yadda ake yi wa shugaba, yana ɓoye murmushi.

"Inna, wanga hatsi ba shi zama cikin leda. Wuri nika roƙo, in gina ruhewa."

Rumbun ƙasa yake nufi, irin na mutanen nan, wanda ake ginawa don shekaru. Na buɗe baki in ba shi amsa mai kaifi kamar yadda na saba, sai kuka ya riga ni fitowa. Na nuna masa wurin da hannu. Washegari tun da safe ya fara kwaɓa laka, ni na ɗebo masa ruwa.